Katangar Ya Gumsu

A shekarar 1957, damina ta yi nisa, Halliru ya dawo Potiskum daga Ingila, amma ba don ya gama karatu ba. Ɗan garin ne, ya yi makarantar Midil a Maiduguri, ya wuce Zariya, daga nan ya je jami'a a Ibadan ya samo digiri. Bayan haka ne gwamnatin Jihar Arewa ta tura shi ƙetare ya yi babban karatu na aikin jin daɗin jama'a. Ƙa'idar karatun ita ce sai ɗalibi ya koma ƙasarsu ya yi 'yan watanni yana aiki da mutane, ya rubuta abin da ya yi, sannan ya koma a yi masa jarrabawar ƙarshe.

Mutanen gari ba su gane wannan karatu ba. Likita sun san shi, alƙali sun san shi, malamin gona ma sun san shi. Amma duk wanda aka ce wa Halliru aikin jin daɗin jama'a ya je koyowa, sai ya riƙe baki ya ce, "Ikon Allah! Yanzu jin daɗin ma sai an je Ingila an koyo?" Halliru kuwa ba ya barin irin wannan ta wuce. Sai ya jingine kekensa ya yi ta bayani, har mai tambayar ya tuna yana da wani uzuri a gida.

Surutu shi ne cikas ɗinsa, kuma ya sani. Malamar da ke kula da karatunsa, wata dattijuwar Baturiya da ta taɓa zama a Kano har ta iya Hausa, ta sha gaya masa: "Halliru, kana da kai mai kyau. Amma mutum bai gama faɗar damuwarsa ba ka riga ka ba shi magani. Ka koyi yin shiru."

En'e, wato hukumar gargajiya ta gari, ta ba shi ɗan ofis kusa da ɗakin shan magani, da tebur da kujeru biyu. Mutumin da ya fara zama a kujera ta biyun shi ne Modu, wani mai sayar da hatsi a Damagum, wanda mai unguwar Yindiski ya turo.

"Malam, maganar mahaifiyata ce, Ya Gumsu," in ji Modu. "Ita kaɗai ce a gida tun da babanmu ya rasu. Ruwan bana ya kayar da katangar gidan, ɗakin da take kwana ma ya tsage. Na gina mata ɗaki a wurina, ta ƙi zuwa. Na ce to a tayar da katangar, ta kori maginin. An ce kai ka karanta yadda ake shawo kan mutane."

Halliru ya ce ba shawo kan mutane ya karanta ba, ya kuma yi masa dogon bayanin bambancin. Duk da haka washegari da la'asar ya hau keke ya nufi Yindiski.

Ya tarar da tsohuwa gajera, mai tsagen Barebari a kumatu, zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Bayan gaisuwa, bai jira komai ba ya fara. Ya yi mata bayanin yadda danshi ke jawo ciwon haƙarƙari, da yadda ɗaki ke rufta wa mutum, da hakkin ɗa a kan uwa da na uwa a kan ɗa. Ya Gumsu ta saurare shi har ƙarshe. Sannan ta tashi ta kawo masa kunun tsamiya a ƙwarya.

"Sha, ɗan nan. Maƙogwaronka ya bushe." Da ya sha, ta karɓi ƙwaryar ta ce, "Ka gaishe da mutanen gida."

A hanyar komawa kunya ta kama shi. Ya tuna abin da aka koya musu: kafin ka ce mutum ya bar wuri, ka fara sanin abin da yake da shi a wurin, ka kuma ziyarce shi a lokuta dabam-dabam, don gida da safe ba shi ne gida da yamma ba. Saboda haka da ya sake zuwa, da hantsi ya je, ya kuma yi wa kansa alkawarin ba zai ce komai ba bayan gaisuwa. Ya nemi gefen tabarma ya zauna, ya jawo ƙwaryar gyaɗa ya shiga taya ta ɓara.

Bai daɗe da zama ba sai ga wani dogon tsoho, fari, siriri, ya leƙo ta inda katangar ta zube, riƙe da 'yar ƙwarya ta nono.

"Gumsu, kin tashi lafiya? Ga na yau."

"Na tashi. Akuyarka ta sake shigowa ta ci min yakuwa."

"Ba tawa ba ce."

"Mai baƙin kunne ba taka ba ce? Bubayaro, ka ji tsoron Allah."

Ta karɓi nonon, ta miƙa masa kwanon kunu mai zafi. Tsohon ya zauna a kan tarin ƙasar katangar, ƙafa ɗaya a gidansa ɗaya a nata, yana sha suna musu. Suka yi musu a kan akuya, suka koma kan ko za a yi ruwa yau, suka koma kan wani biki da aka yi tun zamanin da ba mota a garin. Ita tana jefa masa kalmar Barbarci, shi yana rama mata da Fillanci, ba wanda ya kula da Halliru. Da tsohon ya tashi zai tafi kara, wato kasuwar dabbobi, don shi dillalin shanu ne, ta bi bayansa da cewa, "Ka sa hula da kyau, ka fita kamar wanda aka koro."

Halliru ya ci gaba da zuwa. Ɓarar gyaɗa ta ƙare suka koma tsinkar zogale. Wani lokaci maganganu su taru masa a baki har ya ji kamar zai shaƙe, sai ya jefa gyaɗa a baki ya tauna. Ya Gumsu ta lura.

"Ɗan nan, ka warke ke nan? Ranar farko na ɗauka rediyon gidan Bature Di'o aka kawo min."

Ya yi dariya. Ita kuma ta ci gaba da tsinka. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Wancan na Damagum yaron kirki ne." Ɗanta na fari ne, ba ta faɗar sunansa. "Ɗakin da ya gina, na san da zuciya ɗaya ya gina. Amma ka ga wannan tsohon? Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata duk suna gidajen aure. Ko kunu bai iya damawa ba. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, sai dai gaisuwa ta bayan katanga. Da ta faɗi ne na san yana da hira." Ta jefa ganye a ƙwarya. "Na yi zaton na gama da dariya tun da aka binne mai gidan nan. Ashe da saura."

Halliru ya tambaye ta a hankali, "Iya, me kike so ya faru?"

"Me tsohuwa za ta so? In yana da baki ya yi magana. Ni ba zan fara ba." Sai ta nuna shi da reshen zogale. "Kai kuma, in wannan maganar ta fita daga bakinka, ko ga shi, ko ga na Damagum, ban yafe ba."

Ya yi mata alkawari. Ko da ba ta ce ba, riƙon amana na cikin abin da aka fi nanata musu a karatun.

Ranar kasuwa ya je kara neman Bubayaro, da hujjar cewa katangar ta mutum biyu ce, dole a ji ta bakinsa. Ya same shi tsakiyar shanu, ya riƙe hannun wani Bafillace da na wani mahauci yana ƙoƙarin haɗa su, bakinsa kamar zuma. Da ciniki ya faɗa, suka koma inuwar wata bishiyar darbejiya.

"Baffa, maganar katanga ce ta kawo ni."

Nan take dillalin da ya cika kara da murya ya koma kamar wanda aka kama da laifi. Ya cire hula, ya mayar, ya tsinci kara yana zane a ƙasa. Halliru ya bar shi. Wata saniya ta zo ta shinshini kekensa ta wuce.

"Malam, tun ina saurayi nake haɗa mutanen da ba sa son haɗuwa," in ji Bubayaro daga ƙarshe. "Amma nawa ya gagare ni. Kullum da safe in ce yau zan faɗa mata, sai in buɗe baki in ji ina maganar akuya. In ta ƙi fa? Kunun ma na rasa ke nan. Ga ɗanta, babban mutum, ya ji tsoho kamata yana neman uwarsa?" Ya kama hannun Halliru ya matse. "Amana na ba ka. Kada ta ji."

Halliru ya koma gida da amana biyu, kowacce maganin ɗayar ce, kuma ba shi da ikon buɗe ko ɗaya. Bai taɓa shan wuya irin ta wannan makon ba. Da safe ya zauna yana kallon tsofaffin biyu suna musu a kan akuya, shi kuwa gumi na karyo masa. A gida matarsa Hanatu ta aje masa tuwo, ta ga ya cinye bai ce uffan ba, ta taɓa goshinsa.

"Malam, ko zazzaɓi ne? Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin ka gama cin abinci ba labari ba."

"Lafiyata ƙalau. Aiki ne."

"To ba ni labarin aikin."

"Ba zan iya ba."

Hanatu ta tafa hannu ta ce lalle Turawan nan sun iya karatu.

Ana cikin haka malamarsa ta iso, tana zagayen duba ɗalibanta da ke Arewa. Ta sauka a gidan baƙi na gwamnati, da yamma suka zauna a barandar. Halliru ya ba ta labarin ba tare da ya ambaci suna ba, ya kuma faɗi dabararsa: zai tara su wuri ɗaya a kan maganar katanga, ko Allah zai sa ɗaya ya yi ƙarfin hali.

"Za ka gaya musu gaskiyar wanda zai zo zaman, ko tarko za ka ɗana musu?" ta tambaya.

"Zan gaya wa kowa, in bai yarda ba a fasa."

"Madalla. Amma mutum uku ne a maganar nan, ka ba ni labarin biyu. Wanda ya fara zuwa ofishinka fa? Ka taɓa zama ka saurare shi?"

Halliru ya sunkuyar da kai. Ranar da Modu ya zo, shi ne ya yi ta magana.

Washegari ya shiga motar kaya zuwa Damagum. Modu ya yi murna, ya kai shi ya ga ɗakin: an shafe shi da farar ƙasa, an sa sabon gadon ƙarfe, har da randa da moɗa a gefe. Suka zauna a bakin ƙofa, Halliru ya bar shi ya yi ta magana. Modu ya faɗi yadda mahaifinsa ya riƙe hannunsa kafin ya cika ya ce ga uwarka nan. Ya faɗi yadda duk daren da aka yi ruwa ba ya iya barci. Ya faɗi yadda abokan kasuwa ke tambayarsa, cikin wasa amma da zafi, ko har yanzu tsohuwa na can ita kaɗai.

"Ni dai kada ta mutu a ƙarƙashin ɗaki, a ce tana da ɗa."

"Ka yi gaskiya, ɗakin da take ciki ba na kwana ba ne," in ji Halliru. "Amma ka taɓa tambayarta abin da take so?"

"Ana tambayar uwa irin wannan? Ai yi mata ake yi."

"Zo ranar Juma'a bayan an sauko. Za a zauna a kan katangar, da kai da ita da maƙwabcinta da magini. Kada ka zo da shawara. Ka zo ka ji."

Ya Gumsu ta ce a zo, ita ba ta tsoron kowa. Bubayaro ya ce zai zo, amma shi ba zai ce komai ba.

Ranar Juma'a aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan. Ya Gumsu ta zauna a bakin ɗakinta, ta sha lalle, ta yafa mayafin da Halliru bai taɓa ganinta da shi ba. Bubayaro ya zauna a wurinsa na kullum a kan tarin ƙasa, cikin farar riga, hula zaune daram. Maginin, wani Bakarkare mai ƙaton murya wanda bai san komai ba, ya auna wurin da sanda ya ce, "To, tsawonta ya kai ina? Yadda take a da?"

Modu ya dubi Halliru, Halliru ya dubi ƙasa.

"Iya gwiwa," in ji Bubayaro.

"Iya gwiwa? Baba, wannan ai dakali ne, ba katanga ba."

"Akuyarsa za ta tsallako," in ji Ya Gumsu.

"To a yi ta iya wuya," in ji magini.

"Wuyan wa? Shi dogo ne, ni gajera. Shi ya gan ni, ni kada in gan shi?"

Da ta ji abin da ya fita daga bakinta sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Wuri ya yi tsit. Halliru ya ji maganar ta taso masa tun daga ciki, kalma biyu kawai zai faɗa komai ya warware. Ya danne cinyarsa da hannu, ya ciji leɓe, ya jira. Kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce. Maginin ya buɗe baki zai yi magana, Halliru ya girgiza masa kai.

Sai Bubayaro ya miƙe. Ya tako ya shigo tsakar gidan sosai, abin da bai taɓa yi ba, ya durƙusa kusa da Modu duk da a shekaru ya haife shi.

"Modu, ni ba katanga nake so ba. Auren mahaifiyarka nake nema. In ta yarda, in kai ma ba ka ƙi ba."

Ya Gumsu ta tashi da sauri ta shige ɗaki ta saki asabari. Daga ciki aka ji muryarta: "Sai yau bakin ya buɗe? Ni na ɗauka akuyar zai aura!"

Maginin ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi. Modu kuwa ya tashi ya fita zaure. Halliru ya ba shi ɗan lokaci, sannan ya bi shi. Ya same shi zaune a dakali, ya dafe kai, kafaɗunsa na rawa, ba a gane ko kuka yake ko dariya. Ashe duka biyun ne.

"Malam, ka san da wannan?"

"Abin da aka ba ni amana ba na faɗa. Naka ma ban faɗa wa kowa ba."

Modu ya share ido da hannun riga. "Rabon da in ji ta yi irin wannan muryar tun babanmu na da rai. Ni ina can ina sayen gadon ƙarfe." Ya yi ajiyar zuciya. "Me mutane za su ce?"

"Za su yi magana, har su gaji. Kai me ka ce?"

Modu ya miƙe. Da ya koma ciki, ya tsaya a bakin asabari ya ce, "Ya, kin yarda?"

"Ka je Nangere ka gaya wa kawunka," in ji ta. "Shi ne waliyyina, ba kai ba."

Modu ya gindaya sharaɗi biyu. Ba za ta ƙara kwana a tsagaggen ɗakin ba, kafin ɗaurin aure za ta zauna a Damagum. Kuma kowace Salla a can za ta yi. Ya Gumsu ta yarda da na biyun, na farkon kuwa sai da aka yi ta fama, har Bubayaro ya yi alkawarin zai riƙa ba wa kajinta ruwa. Gadon ƙarfen, Modu ya ce a cikin kayan ɗakinta zai tafi.

Bayan an yi girbi aka ɗaura aure a ƙofar gidan mai unguwa. Dillalan kara suka zo ƙwansu da kwarkwatarsu, matan Yindiski suka yi ta guɗa suna tsokanar amarya, ita kuma tana rama wa kowacce. Hanatu sai a wurin bikin ta ji labarin duka, ta dawo gida ta ce wa mijinta bai kyauta ba, da ya ɗan tsegunta mata ai da ta fara tanadin gudummawa da wuri.

Abin da Halliru bai zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Ranar Litinin da ya iso ofis, ya tarar da tsofaffi zaune a jere a bakin ƙofa, kowa ya sha wankakkiyar riga. Labari ya bazu har ƙauyuka cewa gwamnati ta kawo malamin da ke yi wa tsofaffi aure. Ya so ya tsaya ya yi musu bayani gaba ɗaya, sai ya fasa, ya shigo da su ɗaya bayan ɗaya ya saurari kowa. Na farko aure yake so da gaske, har ya zo da sunan matar. Na biyu, da hira ta yi nisa, ya bayyana cewa idonsa ne ke dushewa, yana tsoron ranar da ba mai ja masa gora. Halliru ya shirya masa tafiya asibitin ido a Kano, aka yi masa aiki ya dawo yana gani. Na uku tsohon soja ne da ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, can ƙetare, wanda ba abin da yake nema sai wanda zai ba labarin yaƙi. Daga kansa ne Halliru ya roƙi En'e ta kafa rumfa a gefen ofis, inda tsofaffi ke haɗuwa da hantsi suna dara.

Da sanyi ya shigo ya kama hanyar Ikko, ya shiga jirgin ruwa ya koma Ingila. Ya rubuta rahotonsa da sunayen da ya ƙirƙira, ya ci jarrabawa, ya dawo bayan shekara da takardar shaidarsa. An so a aje shi a Kaduna, ya roƙa a fara barinsa a Lardin Borno, aka yarda. Ranar da motar ta sauke shi a tashar Potiskum, mutumin da aka yi wa aikin ido ne ya fara hango shi tun daga nesa, ya taso da sauri ya karɓar masa akwati.